Zanen Ƙasan Ƙofa

Tun kafin ciwo ya kwantar da ita, matar Kafinta ta ba da odar 'yan tsaki, kamar yadda ta saba duk damina. Sai ƙafa ta kumbura, numfashi ya fara yi mata gardama, 'yarsu Auta ta zo ta tafi da ita garin da take aure, inda akwai babban asibiti. Aka ce kwana biyu za ta yi. Kwana biyun nan ya miƙe ya zama watanni.

Da mai kawo kaji ya bugo ya ce kaya sun kusa, Auta ta ba ubanta shawara a soke odar, tunda ba wanda ya san ranar dawowar Mama. Kafinta ya ƙi ƙememe. Bai iya faɗa wa yarinyar dalili ba, amma a ransa soke kajin nan daidai yake da yarda cewa matarsa ba za ta sake taka gidan ba. Kewarta kuwa ta ishe shi, har abinci ya daina yi masa daɗi a baki.

Abin dariya, mutumin nan bai taɓa riƙe ɗan tsako ba. Shekara da shekaru yana tsokanarta da suna Uwar Kaji, yana mitar wari, ƙwan kuma ba ya wuce shi da safe. Yanzu ga shi a ƙaramin ɗakin bayan gida da tsintsiya. Ya share, ya wanke, ya kwashe tarkacen da ya tarar, har da wani tsohon zane da ya gani a dunƙule a bakin ƙofa, ya jefa shi shago don goge kayan aiki. Sannan ya ɗauko zarto da guduma ya haɗa wa 'yan tsakin akwati na gani na faɗa, kusurwa huɗu cif, ko tsinke ba zai shiga mahaɗarsa ba. Ya ɗauki hoto ya tura wa matarsa, ya zauna jiran yabo.

Da ta kira shi, dariya ta yi har tari ya sarƙe ta. Ta ce ai teburin amarya ya yi, ba makwancin 'yan tsaki ba. In sun tsorata kusurwa suke nufa, su hau kan juna, na ƙasa ya mutu. Ta ce ya samo kwali ya lanƙwasa ya kashe kusurwoyin. A ce wa kafinta ya ɓata kusurwa! Ya haɗiye, ya yi. Ta ce kada ya shimfiɗa garin katako mai laushi, za su ɗauka abinci ne, ya zuba manyan ɓawon da yake kankarowa. Ta ce ya sa tsakuwa a mazubin ruwa kada su faɗa su jiƙe, ya kunna ƙwan lantarki tun kafin su iso don ƙasan ta yi ɗumi, ya riƙa gwadawa da bayan hannu. Da gangan yake sake tambayar abin da ya riga ya ji, don kawai muryar ta daɗe a kunnensa.

Ranar da aka kawo su an kwana ana ruwa, gari ya waye da iska mai sanyi. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya da yatsunsa masu kanta, yana tsoma bakin kowanne a ruwa kamar yadda aka koya masa. Da farko lafiya lau. Kafin hantsi sai ya tarar sun cure a gefe guda suna ta tsala kuka. Ya sauko da fitilar ƙasa kaɗan, ba su motsa ba. Ya kawo kasko da garwashi ya ajiye daga waje, duk ɗaya. Da ya tona tarin, ya samu ɗaya a ƙasa ya langaɓe, ido a rufe. Ya cusa shi cikin aljihun rigarsa, ya kira waya.

Auta ce ta ɗauka, ta ce masa a hankali Mama ba ta runtsa ba tun jiya, likita ya ce a bar ta ta huta. Amma ya jiyo muryar matarsa daga nesa tana cewa a miƙo mata. Ya fara zuba bayani, ta katse shi.

"Baban Auta, yi shiru. Sa min wayar kusa da su."

Ya durƙusa ya miƙa wayar cikin kwalin. Ta saurara na ɗan lokaci.

"Fitilarka ba ta da laifi. Iska ce ke dukansu. Ina zanen?"

"Wane zane?"

"Na ƙasan ƙofa."

Sai a lokacin ya waiwaya ya dubi ƙofar. Tsakaninta da ƙasa akwai tazarar da hannu zai shige. Tun shigarsu gidan take roƙonsa ya gyara, yana cewa gobe, alhali ya gyara ƙofofin rabin unguwa. Ashe da ta gaji, tsohon zanenta ta sa ta toshe, ta kuma ci gaba da mita don kada ya ji daɗi. Ya kwantar da kumatunsa kusa da ƙasa, ya ji sanyin na shigowa kai tsaye. Kunya ta rufe shi. Ya ce yanzun nan zai ɗauko katako ya gama da ita.

"Kar ka taɓa min ƙofa," in ji ta. "Mayar da zanen kawai. In ka gyara, a kan me zan yi maka mita in na dawo?"

Tunda ta tafi, yau ne karon farko da ta ce in na dawo. Ya je shago ya ɗauko zanen, ya kakkaɓe ƙurar katako, ya naɗe ya cusa shi ƙasan ƙofar har ƙarshe. Sannu a hankali tarin ya warware. Wasu suka nufi ruwa, wasu suka baje ƙarƙashin fitila, kukan ya sauka ya zama 'yar hira ƙasa-ƙasa. Na cikin aljihu ya motsa, ya caki ƙirjinsa.

Ya so ya ba ta labari, ta ce ta riga ta ji, ya bar wayar a wurin tukuna. Ya jingina ta da mazubin abinci, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafafu. Can sai muryar Auta ta fito cikin raɗa.

"Baba, ta yi barci. Don Allah kar ka kashe."

Bai kashe ba. Ya gyara zama, hannu ɗaya a kan aljihu, yana sauraron numfashinta daga cikin kwalin.