Teburin Malama

"Ƙara dannawa," in ji Mai Tawada daga kan kujerarsa. "Ba agogon hannu kake gyarawa ba. Kashe shi na ce ka yi."

Mai Agogo ya gyara zaman gilashinsa, ya ɗora tsinken ƙarfe a kusurwar farantin tagulla, ya ja da ƙarfi har ɗaya kusurwar. Ƙarar ta kashe masa haƙora. Ya sake ja ta ɗaya ɓarin, layukan biyu suka gitta juna a kan wasu albasa uku da wuƙa da Mai Tawada ya zana shekara ashirin da suka wuce.

"Yauwa. Na sha huɗu ke nan. Ɗauko na gaba."

Shekara ashirin da shida ƙofofinsu na kallon juna a hawa na biyu na wannan tsohon bene, kuma har yau Mai Agogo bai yarda cewa abin da maƙwabcinsa ke yi sana'a ce ba. Mutum ya zauna yana zana kwalba da cokali da tsohon takalmi, bai taɓa zana ko fuska ɗaya ba. Ba ya ma jera kayan. Cewa yake idan ka jera su sai su ƙame kamar masu ɗaukar hoton fasfo, gara ka same su inda mai su ya bar su. Da tsinke yake zana su a kan tagulla, ya shafa tawada ya goge, ya ɗora takarda mai laima, ya murɗa su ta cikin wani inji mai babban sitiyari da ya cinye rabin falonsa. A ƙasan kowace takarda yakan rubuta da fensir: ta kaza cikin talatin. In talatin ta cika, sai a kashe farantin da layi biyu, a buga takarda ɗaya ta ƙarshe, wadda yake kira takardar shaida, don kowa ya ga ba za a ƙara ba.

Sai dai mutumin ya iya zane, bai iya kisa ba. Faranti ya yi ta tarawa a kabad yana cewa gobe. Yanzu likita ya gaya masa zuciyarsa ta gaji, hannunsa ko kofi ba ya riƙewa sai ya yi rawa, shi ne ya tuna yana da maƙwabci mai tsayayyen hannu.

Mai Agogo ya zaro faranti na sha biyar, na ƙarshe, daga cikin tsohuwar jaridar da aka naɗe shi. Ya karkata shi wajen taga don haske, sai hannunsa ya tsaya.

Komai a juye yake a kan faranti, dama ta koma hagu, amma ko a duhu zai gane shi. Teburin kicinsa ne.

Wata safiya ce, shekara goma sha biyu baya, Mai Tawada ya shigo aron ashana. Malama, matar Mai Agogo, wadda ke koyar da lissafi a firamare, ta tashi daga karin kumallo ta je ɗauko masa. Ta dawo ta tarar da shi a bakin tebur kamar an dasa shi. Ga butar shayi mai ɓantararren baki, ga kofuna biyu, ga ɓawon lemo da ta fere bai tsinke ba, ga gilashinta a kan jarida. Kofinta da cokali a ciki, don ba ta taɓa cire cokali in za ta sha shayi ba, shekara da shekaru mijin yana ce mata wata rana sai ya tsone mata ido.

"Kada wanda ya taɓa teburin nan," in ji Mai Tawada.

"To a ina za mu ci abinci?" in ji Malama.

"A tsaye."

Kwana huɗu suna ci a tsaye. Malama ta riƙa zuwa makaranta da tsohon gilashinta mai ƙafa ɗaya, ta ɗaure ɗaya gefen da zare, yara suna ta ƙunshe dariya. Da yamma takan dafa shayi a tukunya ta miƙa wa mai zanen, tana ce masa idan ɓawon lemon nan ya kira ƙudaje, a ɗakinsa za ta sake su. Mai Agogo yakan jingina da ƙofa yana mita, amma bai taɓa jin gidansa ya cika da dariya kamar waɗannan kwanaki ba.

Da aka buga, Mai Tawada ya kawo musu ta farko, ɗaya cikin talatin, kyauta. Mai Agogo ya duba ta sama-sama ya mayar masa.

"Me zan yi da hoton butar da nake gani kullum safe? Je ka sayar da abinka."

Malama ta harare shi. Cikin wata uku talatin ɗin suka ƙare. Bayan shekara shida Malama ta rasu, kuma a makon da bai san inda kansa yake ba, 'yan'uwanta suka gyara masa gida don tausayi. Butar ta tafi bola, gilashin aka ba wani. Tun daga lokacin yake son ya tambayi maƙwabcinsa ko akwai saura, girman kai da kunya suka hana shi.

"Me ka tsaya kallo?" in ji Mai Tawada. Ya miƙa wuya, ya gani, ya koma ya jingina. "Oho. Wannan ne."

"Buga mini ɗaya kafin mu kashe shi."

"Talatin ta cika."

"Ɗaya tak. Ba sayarwa zan yi ba."

"Talatin na rubuta a ƙasan kowace takarda, da hannuna. Akwai matar da ta sayi ta sha tara, ta rubuto mini wasiƙa wai teburin mahaifiyarta ta gani. Idan na buga ta talatin da ɗaya, na yi mata ƙarya."

"To bar mini farantin in ajiye."

"Kai ma mutuwa za ka yi. Wani ya tsince shi ya buga ɗari biyar."

"Ita matar ta ina za ta sani?"

"Ni zan sani."

"Kai da kake kan hanya?"

Maganar ta riga ta fita. Mai Tawada ya dube shi, ya ɗan jinjina kai.

"Shi ya sa," in ji shi.

Mai Agogo ya ajiye tsinken a kan injin, ya fita, ya rufe ƙofarsa da ƙarfin da bai yi niyya ba.

Kwana biyar bai tsallaka barandar nan mai taku uku ba. Yakan zauna a teburin kicin, wanda yanzu ba komai a kansa sai kofi ɗaya da ƙananan sukundireba, yana buɗe agogunan da ba abin da ya same su. Ta bango yana jin tarin maƙwabcinsa, yana jin takun Auta, 'yar Mai Tawada, wadda ta ɗauki hutu daga wajen aikinta ta zo jinya. Fushi yake yi, kuma ya san da kansa yake fushin. Mutum ya kawo maka abu har gida ka ƙi karɓa, yanzu kana jin haushinsa don ya ƙi karya alkawari saboda kai.

Rana ta biyar da hantsi aka ƙwanƙwasa.

"Baba, wai ka zo," in ji Auta. "Babana ya ce in ce maka agogonsa na bango ya tsaya."

Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya bi ta. An dawo da gadon falo, kusa da injin, don mai shi ya ce ba ya iya barci in bai ji warin tawada ba. Ya rame sosai a kwana biyar ɗin. Yatsunsa, da kowa ya sani baƙi ƙirin saboda tawada, sun fara washewa, kuma wannan ne ya fi tsorata Mai Agogo. Ya hau kujera ya buɗe agogon. Lafiyarsa ƙalau, makullinsa ne kawai ba a murɗa ba.

"Ya lalace ƙwarai," in ji shi, yana murɗa makullin. "Da ka ƙara kwana ɗaya da sai bola."

"Na sani. Zauna."

Ya zauna a bakin gado.

"Na yi tunani," in ji Mai Tawada, yana hutawa tsakanin kalma da kalma. "Shekara arba'in ina jan layi biyu, ban ma san wa ya ce biyu ba. Ɗaya ya isa. Muddin ya ratsa daga gefe zuwa gefe, kuma ya yi zurfin da tawada za ta zauna. Kai za ka zaɓi inda zai bi. Takardar shaida ba ta da lamba, ba ta cikin talatin. Taka ce."

"Hoto mai tabo za ka ba ni ke nan."

"Mai kyau na kawo maka, ka ƙi."

Mai Agogo ya yi dariya. Ya kama hannun nan da ya fara fari ya riƙe.

"Maganar da na yi rannan..."

"Gaskiya ka faɗa. Tun da muke ba ka taɓa faɗar gaskiya a kan aikina ba sai rannan." Ya lumshe ido. "Ka san me ya sa teburin nan ya fi duk sauran? Ba ni na yi shi ba. Ita ta tashi ta bar shi haka. Ni dai na zo aron ashana."

Bayan kwana biyu, da safe, Auta ta shiga kicin ɗauko wa mahaifinta ruwa, ta dawo ta tarar ya tafi, fuskarsa na kallon taga. Mai Agogo ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar Malama. Ya rasa mutum na ƙarshe da ya san yadda gidansa yake a da.

Da mutane suka watse, bayan mako guda, Auta ta ƙwanƙwasa masa da rana. Mai shagon da ke sayar da zanen mahaifinta ya bugo waya sau uku yana tambayar faranti, ta ce masa duk an kashe. Saura ɗaya, kuma ba ta son ta zama maƙaryaciya.

Ta iya aikin, don a gindin injin nan ta yi rarrafe. Ta jiƙa takarda, ta matse ta tsakanin tawul biyu, ta buɗe gwangwanin tawada. Sai ta tsaya, ba ta dube shi ba.

"Baba, in kana so mu buga ɗaya kafin ka ja layin, ni ba zan gaya wa kowa ba."

Takarda a shirye, inji a shirye, minti biyar ya isa. Zai samu teburin cif yadda yake, ba tabo, ba komai. Ya daɗe yana kallon farantin. Sannan ya dubi kujerar Mai Tawada da ke gefen taga, wadda har yanzu matashinta ke lotse.

"Ni zan sani," in ji shi. "Miƙo tsinken."

Ya sa gilashin nan na ido ɗaya da yake duba cikin agogo da shi, ya sunkuya. Bai taɓa ganin zanen kusa haka ba. Ga ɓantarar bakin butar, ga zaren haske a gefen cokali, har da ɗan zagayen da gindin kofi ya bari a jarida. Ya nemi hanyar da layi zai bi bai taɓa komai ba, babu. Mai Tawada bai bar fili ba. Ta sama akwai butar, ta ƙasa akwai gilashinta da ɓawon lemon. Duk inda ya bi sai ya ratsa wani abu.

Ya ɗora tsinken a gefen faranti, ya riƙe numfashi kamar yadda yake yi in zai sa ƙaramin sukuru, ya danna, ya ja. Bai ɗaga hannu ba sai da ya fita ta ɗaya gefen.

Auta ta shafa tawada, ta goge da tsumma, ta ƙarasa da tafin hannu yadda ubanta ke yi. Ta kwantar da farantin, ta ɗora takarda, ta rufa bargo. Su biyu suka kama sitiyarin suka murɗa, injin yana kuka. Ta kama kusurwar takardar da yatsu biyu ta ɗaga a hankali.

Komai ya koma inda yake. Taga ta dawo hagu, butar na kallon ƙofa. Baƙin layi ya taso daga gefen dama, ya bi ta tsakiyar kofin da ba cokali, ya wuce ta bayan butar ya fita. Bai taɓa kofin mai cokali ba.

"Naka ka soke," in ji Auta.

"Nawa yana nan a gida."

Ta ɗauki fensirin mahaifinta, ta duba ƙasan takardar inda ake sa lamba da hannu, ta mayar da shi cikin gwangwani ba ta rubuta komai ba.

Da takardar ta bushe, ya tsallaka da ita taku ukun nan a kan tafukansa biyu. Bai sami firam ba tukuna, sai ya jingina ta da bango a kan teburin kicin, ya kwashe sukundireba ya zuba a aljihun tebur. Ya dafa shayi, ya zuba a kofinsa, ya sa sukari ya juya. Ya ɗaga cokalin zai ajiye a gefe, sai ya mayar da shi ciki, ya sha a haka, cokalin yana taɓa masa kunci.