Ramin da Maitama Ya Haƙa

Ko kamu biyu Malam Maitama bai haƙa ba ruwa ya fara tsattsafowa a ramin. Ya yar da shebur, ya durƙusa da ƙyar, ya ɗebo da tafin hannu.

"Misbahu, zo ka ga ikon Allah! A garinmu Machina, mahaifina in yana haƙa rijiya sai ya shige ƙasa har muryarsa ta ɓace kafin ya taɓa laima."

Muna bayan wani ɗan gidan katako ne a gabashin Maryland, can ƙetaren wata doguwar gada, inda ciyawa ke tafiya har bakin teku. Ni na tuƙo su daga Laurel, domin ƙofarmu na kallon tasu a bene ɗaya. Maitama ya ajiye aikin gadi a sito, yana so ya tare a nan kafin sanyi ya shigo, ya shuka rama da kuɓewa. Wurin kore shar, iska na kawo ƙamshin gishiri. Matarsa Hajiya Hasiya ba ta kalli tekun ba ko sau ɗaya. Ramin take kallo, da ƙafafunsa da suka kumbura har silifas ya nutse a ciki.

"Baban Najiba, rufe abin nan," ta ce. "Ba na son ganinsa."

Ya yi dariya, ya cika wani tsohon galan ɗin madara da ruwan ramin, ya ce tsaraba ce.

Ni ba malami ba ne. Karatuna na tsinta-tsinta ne, a cikin tasi tsakanin fasinja da fasinja. Amma a masallacinmu ni nake wa maza wankan gawa, shi ya sa mutane ke kawo mini tambayar da ba sa son kai wa liman. Da muka koma gida, Hajiya ta tare ni a ɗakin injin wanki.

"Malam Misbahu, likita ya ce zuciyarsa ta gaji. A can waye zai wanke shi? Su waye za su tsaya masa sahu? Kuma ka ga ƙasar da idonka. A cikin taɓo za a kwantar mini da miji?"

"Hajiya, rai na hannun Allah."

"Na sani. Amma maganarka yake ji."

Na daɗe ina juya abin. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa cikin yashi, girmansa cikin siminti da fitilun sito, yanzu yana roƙon ɗan kore a ƙarshe. Wanne ya fi haƙƙi a kansa, kwanakin da suka rage masa, ko yinin da ba zai ma san an yi ba? Ina cikin wannan tunani Maitama ya aiko a kira ni.

Na same shi a falo cikin kwalaye, rabi an ɗaure, rabi a buɗe. Galan ɗin na kan taga, laka ta kwanta a gindinsa. Numfashinsa na fita da wani ɗan fito.

"Bafulatani," ya ce, "ku da kuka gaji bin ciyawa, yau kai ne aka turo ka hana Babarbare zuwa makiyaya?"

"Wa ya ce turo ni aka yi?"

"Fuskarka. Kamar an sace maka saniya." Ya yi tari mai tsawo, ya share baki. "To bar wasa. Idan ta Allah ta kasance a can, za ka zo?"

"Zan zo, ko da ƙafa ne."

"Kai kaɗai?"

Na ce masa gaskiya: ranar aiki ce ko ba ranar aiki ba, mutane kaɗan ne za su ƙetare gadar a kan lokaci. Ko dai a ajiye shi a firij har jama'a su taru, ko a ɗauko shi a dawo da shi nan. Na ce ban san wata maƙabartar Musulmi a wancan yankin ba.

"Firij," ya maimaita. Ya dubi ƙofar kicin, inda motsin tukwane ya tsaya cak. "Ita ce za ta zauna da wannan jiran, ko?"



"Hasiya!" ya ɗaga murya. "Kwance kwalin tukwanen nan. Sai bazara ma tafi."

Daga kicin sai ƙarar famfo da aka sake da ƙarfi.

Bai ga bazara ba. Wata Alhamis da hantsi Hajiya ta buga mini ƙofa da tafin hannu, ba da yatsa ba, tun kafin in buɗe na gane. Yana zaune a kujerarsa, fuskarsa wajen taga, kamar mai jiran mota.

Washegari bayan Juma'a aka yi masa salla. Sahu ya cika har waje, direbobi da likitoci da abokan gadinsa, har maƙwabcinmu Kambai na hawa na ƙasa, wanda ba Musulmi ba ne, ya tsaya gefe riƙe da hularsa. Da za mu fita da shi daga masallaci, Najiba ta biyo ni da gudu.

"Baba Misbahu, Mama ta ce a ba ka wannan."

Galan ɗin ne.

Ƙasar maƙabartar ja ce, busasshiya, sai da injin haƙa ya yi ta gurnani. Da aka gama rufewa aka nemi ruwan yayyafawa, na kwance murfin. Ƙamshin taɓo da gishiri ya taso. Na bi kabarin daga kai zuwa ƙafa ina zubawa a hankali, jar ƙasar na shanyewa tun kafin in ɗaga hannu. A ƙarshe lakar gindin ta zubo, baƙa, da wani siririn tsinken ciyawa a cikinta, ya kwanta daidai wajen kansa.