Hanza a Hanyar Bariki

Rana ba ta gama fitowa ba Yabawa ta shimfiɗa tsohon zane a tsakar gida tana jera kaya a kai. Habsu, matar ɗanta, tana tsugune a gefe tana kallo.

"Ruwa tukuna," in ji tsohuwar, ta ajiye gora biyu. "Yaro a cikin taro ƙishirwa ce ke fara kama shi. Ga faifai ki kare masu rana. Ga tsumma, don wannan ɗan naki ba ya sallama in zai ɓata jiki. Igiyar nan kuma ki ɗaura a hannun yarinyar, ki riƙe bakinta. Gure ba ƙauyenmu ba ne."

"To, Inna."

Ranar ce Nasara ke bikinsu na shekara, wanda ke faɗowa a farkon damina. Garbai, mijin Habsu, ya aiko cewa zai wuce cikin jerin ƴan gardi, masu jar hular nan da ke tsaron barikin kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, kuma yana so yaransa su gan shi. Wata takwas ke nan da ɗaukarsa aiki, bai leƙo gida ba ko sau ɗaya.

Sai aka zo kan abinci. Fara ta cinye gonar bara, rumbu ya daɗe da zama wurin kwanan kaji. Yabawa ta kawo curin fura ɗaya, na ƙarshen geron da ta ɓoye. Daga baya ta ɗauko ƙaramar ƙwarya cike da hanza, ƴaƴan itacen dajin nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin su ciwu. Duk wanda ya ga hanza a gida ya san abin da gidan ke ciki.

"Inna, a bar wannan," in ji Habsu a hankali. "Matan bariki za su gani."

"Matan bariki ne za su goya miki yaran in yunwa ta kama su? Rufe da kyau ki sa a ƙasa."

Habsu ta rufe ƙwaryar da faifai, ta naɗe da tsumma, ta tura ta can ƙasan ƙunshin.

Habsu da yaran suka kama hanya a kan jaki, Ibram ɗan shekara biyu a bayanta, Kaltumi mai shekara biyar a gabanta. Ba su yi rabin tafiya ba yaran suka shanye furar. Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da suka shiga Gure.

Habsu ba ta taɓa ganin mutane haka ba. An share hanyar da ta tashi daga bariki zuwa kasuwa, an kafa sanduna da ƙyallaye masu launi uku. Tana tsaye riƙe da igiyar Kaltumi, ba ta san inda za ta nufa ba, sai wata mace mai jiki, da lalle har gwiwar hannu, ta yafuto ta daga gindin wata kurna.

"Ke ce ta Garbai? Ai yarinyar nan fuskarsa ce sak. Ni ce Yakura, matar sarjan ɗinsu. Zo nan cikinmu."

Matan ƴan gardi ne zaune a kan tabarmi, su kusan goma, da zannuwa masu sheƙin shuni. Habsu ta gaishe su, ta zauna a bakin tabarma, ta ja ƙunshinta ta danne da cinya. Wata ta buɗe kwano da waina, wata ta fito da dabino. Yaransu na ci suna wasa da sauran.

Kaltumi ta bi kwanon da ido. Ta matso jikin uwarta.

"Inna, yunwa."

"Yi shiru."

Yakura ta ji. Ta turo kwanon. "Ba su mana. Sun sha hanya."

Da Habsu ta karɓa, da shi ke nan. Amma ta ga yadda matar da ke kusa ke duban zanenta mai faci, sai bakinta ya riga ta.

"Wallahi a ƙoshe suke, Yaya. Tuwo suka ci da nama kafin mu taso. Kwaɗayi ne kawai irin na yara."

"Ba mu ci nama ba," in ji Kaltumi da ƙarfi. "Mu ai..."

Habsu ta kai hannu ƙarƙashin mayafi ta mintsine ta a dantse, mintsini na gaske. Yarinyar ta buɗe baki ba sauti, hawaye suka zubo. Yakura ta dubi uwar, ta dubi ɗiyar, ta janye kwanon.

Can aka busa ƙahon soja daga bariki, taro ya ruɗe. Matan suka miƙe, Habsu ma ta sauke Ibram a kan tabarma ta miƙe. Ƴan lakwal, yaran makarantar Nasara, su ne suka fara wucewa, layi biyu, suna rera waƙa da harshen da ba wanda ya ji. Bayansu masu raƙuma da bindigogi a rataye. Kumandan na tsaye a ƙarƙashin rumfa, fuskarsa ja wur saboda zafi. Sai ga jajayen huluna sun ɓullo, ƙafafu na dukan ƙasa lokaci guda.

Habsu ta hango Garbai a layi na uku, ta gefen da suke. Ya rame. Rigar ta yi masa yawa a kafaɗa. Duk da haka ƙirjinta ya cika, har ta manta da abin da ke bayanta.

Ibram kuwa ya samu ƙunshi ba mai tsaro. Ya ja, ya tona, ya kai ga ƙwaryar. Da ya ɗago ta da hannuwansa biyu sai ta kuɓuce masa, ta gangara ta tsakanin ƙafafun mata, ta faɗa tsakiyar hanya ta kife. Hanza ta watsu a kan farin rairayi, a gaban layin farko.

Wani ya tuntsire da dariya a hayin hanya. "Kai! Wa ya kawo wa kumandan guzurin yunwa?"

"Ƙwaryar wa ce?" in ji matar da ke kusa da Habsu, tana waige-waige.

Habsu ta kafe idonta a kan wata tuta da ke hayi, kamar ba ta taɓa ganin ƙwaryar ba a duniya.

"Tamu ce!" Kaltumi ta fizge igiyar daga hannun uwarta ta faɗa hanya. Ta durƙusa tana tsince hanza, tana tura wasu a baki har da ƙasa. Layin farko ya kauce mata, na biyu ma. Da ta ɗaga kai ta ga na uku, sai ta miƙe da hannu cike.

"Baba! Baba, ga mu nan!"

Garbai bai juyo ba. Ba a juyawa a cikin layi. Idonsa na kan ƙeyar na gabansa, ƙafarsa ta sauka a kan hanzar, ya wuce.

Habsu ba ta iya ɗaga ƙafa ba. Yakura ce ta shiga hanyar bayan layin ƙarshe, ta kamo yarinyar, ta ɗauko ƙwaryar, ta tattara abin da ba a taka ba. Ta dawo ta zauna, ta hure ƙasa daga ƙwaya ɗaya ta jefa a baki, a gaban matan duka.

"Kwana nawa kika jiƙa ta?"

"Shida," in ji Habsu, muryarta da ƙyar take fita.

"Shi ya sa. Ni a kwana huɗu nake tsamewa, ɗacin ba ya fita." Ta miƙa wa Kaltumi waina biyu, ta ba Ibram ɗaya, ba ta nemi izinin kowa ba. Sauran matan kowace ta sami abin dubawa a wani wuri.

Sai bayan azahar aka sallami ƴan gardi. Taro ya watse, matan sun koma bariki, Habsu na nan gindin kurna don ba ta san da wane ido za ta shiga gidan kowa ba. Garbai ya iso da hularsa a hannu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi lafiyar Inna Yabawa, ta ce tana lafiya. Ya laluba aljihu ya fito da ƙwayar sukari huɗu da aka raba masu saboda biki, ya ba yaran bibbiyu.

Ya tsuguna kusa da ƙwaryar, ya daɗe yana dubanta.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ruwan farko."

"Kuma duk wanda ya zo daga gida sai ya ce mini kun ce lafiya lau."

"Kai ma haka kake aikowa," in ji ta, idonta a kan wuyan rigarsa da ya yi masa faɗi.

Kaltumi ta hau cinyarsa tana tsotsar sukari. Ta ja hannun rigarta sama ta nuna masa dantsenta, inda wurin ya kumbura ya yi baƙi.

"Baba, duba. Inna ce ta yi mini, don na ce ina jin yunwa."

Garbai ya ɗora babban yatsansa a wurin yana shafawa a hankali. Bai dubi Habsu ba, ita ma ba ta dube shi ba. Daga can bariki aka sake busa ƙaho, ya ɗaga kai ya saurara, amma bai tashi ba tukuna.