Kunun Husaina

Shekara uku bayan samun mulkin kai, gyaɗa ta yi kyau a ƙasar Tasawa har motoci suka kasa kwashe ta. A shekarar ce Uwani, matar Na Allah ta garin Bawdeta, ta rasa ɗaya daga cikin tagwayenta wata biyu bayan yaye. Husaina ta rage, ita ma ta kama hanyar 'yar'uwarta: ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja, ko kukan kirki ba ta iyawa.

Lokacin ne aka fara turo wata ma'aikaciya daga likitar Tasawa, wato asibitin garin, Madam Zainabu, tana zuwa kowace ranar kasuwa ta koya wa mata ciyar da yara. Takan rataya sikelinta a reshen tsamiya ta zauna jira. Mata ba su cika zuwa ba. Uwani ta je ne don babu sauran abin da ba ta gwada ba.

Zainabu ta danna ƙafar yarinyar da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

"Yaya, me take ci?"

"Kunun gero. Sai ruwan hura."

"Gyaɗa fa?"

Uwani ta dube ta. "Madam, gyaɗa ai ta mota ce. Mu noma, mu ɓare, a loda."

Zainabu ba ta yi gardama ba. Ta hura wuta nan gindin tsamiyar, ta nuna mata: a soya gyaɗa tafi ɗaya, a daka ta yi laushi, a dama cikin kunu, a barbaɗa garin zogale. Sau huɗu a yini, ko yarinya ta ƙi a lallashe ta.

Na Allah ya riga ya sayar da gyaɗarsa duka, sai iri da ya rufe a rumbu, ya kuma ce ba mai taɓa shi. Uwani ta ɗauki ƙwarya ta shiga kala a gonakin da aka gama cira, tana tonon ƙasa da yatsu har farcenta ya tsage. Wata rana ta samu tafi biyu, wata rana rabin haka. Surukarta Iya tana cewa abincin Nasara zai ƙarasa yarinyar, Uwani ta toshe kunne.

Mako uku kumburin ya sauka. Wata biyu Husaina ta miƙe tana bin bango. Duk ranar kasuwa Zainabu takan ɗora ta a sikeli ta yi murmushi, har ta fara sa Uwani ta dama kunun gaban sauran mata, don sun fi jin bakinta. Mata uku suka zama ashirin.

Sai aka ce manyan baƙi za su zo daga Yamai su ga aikin. Zainabu ta kama hannun Uwani ta ce, "Ranar taki ce, Yaya. Ke za ki yi bayani, Husaina za a nuna."

Uwani ta wanke zanenta ɗaya mai kyau, ta yi wa yarinyar kitso. Tun hantsi take gindin tsamiya da tukunyarta. Kafin baƙi su iso, wani babba daga ofis ya zo duba shiri, ya tsaya a kan Husaina.

"Wannan ce? Har yanzu ƙasusuwa ne a waje. Me za a ce muna yi a nan?"

Ya waiga, idonsa ya faɗa kan ɗan Mamudu mai awon gyaɗa, yaro ɓulɓul da bai taɓa kwana da yunwa ba, a bayan uwarsa da ta zo kallo. Ya ce a kawo su gaba. Aka karɓi ludayi daga hannun Uwani aka ba matar Mamudu, aka ce Uwani ta koma cikin mata.

Uwani ta dubi Zainabu. Zainabu tana gyara igiyar sikeli, ba ta ɗago ba.

Baƙi suka zo, suka ɗanɗana kunun da Uwani ta dama, suka yaba. Aka ɗauki hoton yaron, aka ba uwarsa sabuwar tukunya da turmin atamfa, aka tafa.

Ranar kasuwa ta gaba Uwani ba ta je ba. Zainabu ta biyo ta gida, ta same ta tana daka.

"Yaya, ki yi haƙuri. Da na yi magana, da sun ɗauke ni daga nan."

Uwani ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa. "Ba komai, Madam. Kin ceci ɗiyata, ban manta ba."

"To ki dawo. Matan ke suke tambaya."

"Su tambayi matar Mamudu."

Ta koma kan turminta. Zainabu ta zauna har ruwan ya yi ɗumi a gabanta, sannan ta yi sallama. Kafin damina aka ƙara mata girma, aka mayar da ita Mayahi, kuma ba a turo kowa a madadinta ba. Husaina ta rayu, ta yi tsawo kamar ubanta. Uwani ba ta sake zuwa wani taro ba, ko na allurar yara sai dai ta ba Na Allah yarinyar ya kai ta.