Tsaida-Kuka

Kafin kowa ya san ana cin ’ya’yan itacen nan, Tsoho Mai Ran Ƙarfe ne ya fara ganinsu. A shekarar yunwa, yana saurayi, ya tarar da su cikin kurmi, ƙanana baƙaƙe a ƙarƙashin ƙaya. Ya ci bai mutu ba, ya ciko hula ya kai wa ƙannensa masu kukan yunwa, suka ci suka yi shiru. Shi ya sa ya raɗa musu suna tsaida-kuka.

Yanzu ya tsufa a gidan ɗansa, kwaɗayinsu ya taso masa. Surukarsa ta zaga kasuwa ta dawo hannu rabbana.

“Baba, ba wanda ya san sunan nan.”

Ya ɗauki sandarsa ya tafi da kansa. Sai ga su cike da kwando gaban mai kayan marmari!

“Auno min tsaida-kuka.”

“Idon kurciya kake nufi, Baba?”

“Mu a wajenmu baƙar amarya muke cewa,” in ji mai gyaran takalmi na gefe.

“Kurciyar gidanku! Kuna ina na ɗanɗana su da cikin wofi? Faɗi sunansu na gaskiya in saya.”

“Baba, sunan za ka ci ko ’ya’yan?” in ji mai kayan.

Aka kwashe da dariya. Tsoho ya haɗiye yawu ya juya gida bai saya ba. Gara kwaɗayi ya kashe shi da ya ci su da sunan aro. Mai musu kuwa ya zo su shiga kurmi tare ba guzuri, a ga wanda zai fito da ƙafarsa.