Bangon da Tela Ya Hana a Shafe

Tun da ciwon ido ya raba Tela da gani, babu abin da ya tsana irin kusurwa. Gidan hayar da suke ciki kuwa kamar da gayya aka gina shi, ko'ina lungu ne da dakali. Ƙaurinsa duk tabo. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda ta daɗe tana koyarwa, ita ce ke jan hannunsa, ko banɗaki zai je. Ba ta taɓa ƙorafi ba, shi ne dai abin ke ci wa rai.

Autarsu mai zanen gine-gine ce, tana aiki a wani kamfani mai buga gidaje da na'ura. Wata rana ta zo ta ce musu kamfanin ya amince a buga musu gida a filin da Tela ya saya tun yana ɗinki.

"A buga gida?" in ji Tela. "Kamar jarida?"

"Kusan haka ne, Baba."

"To, in ruwa ya jiƙa shi sai mu shanya a igiya."

Malama ta yi dariya har da tari. Auta ta ce, "Ku dai zo ku gani."

"Uwarki ta gani, ni in ji," ya ce.

Ranar da suka je, an riga an zuba fandisho, bango ya kai gwiwa. Malama ta tsaya tana ba shi labari: wasu dogayen ƙarafa ne aka kafa sun kewaye filin, wani baki kamar mazurari yana yawo a tsakaninsu, yana fitar da kwaɓaɓɓen siminti kamar ana matsa man goge baki, layi a kan layi. Ba bulo, ba cebur. Sai wani dogon mutum mai hular kwano, Dogo, yana tsaye da kwamfuta a hannu yana lura.

Tela ya kasa kunne. Na'urar ta tafi, ta juyo, ta sake tafiya.

"Haba!" ya ce. "Ai wannan keken ɗinki ne ya ci ya ƙoshi."

Dogo ya fashe da dariya, ya kama hannunsa ya kai shi ɓangaren da ya bushe. Tela ya shafa. Bangon ba sumul yake ba, tudu-tudu ne, kowane layi da gadonsa. Ya sunkuya ya bi layi ɗaya da yatsa, yana tafiya a hankali, sai ya ji bangon ya lanƙwasa da kansa ya shiga wani ɗaki. Babu kusurwa. Auta ce ta zana shi haka da gangan, ba ta gaya masa ba.

Bai ankara ba sai da ya ji muryar Malama can nesa a bayansa. Ashe shi kaɗai ya yi tafiyar.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "Auta, kekenku ɗinki ɗaya ya iya? Nawa na da yana yin miƙaƙƙe, yana yin tattara, yana yin mai haƙori."

"Duk abin da na zana zai yi, Baba. Me kuke so?"

"In layin da ke daidai hannuna ya bambanta, ai bango zai riƙa gaya mini inda na nufa."

Auta ta kalli Dogo, Dogo ya ɗaga kafaɗa. "Bangon bai kai ƙugu ba tukuna," ya ce. "Akwai lokaci."

A ƙarƙashin rumfar ma'aikata uba da 'ya suka zauna. Shi yana kwatanta mata da gefen rigarsa, yana tattare yadin da yatsu, ita tana zanawa a kwamfuta. Gwajin farko da suka yi a gefe bai yi ba. Layin ya fito waje da yawa, simintin ya zubo kamar leɓen mai kuka.

"Ɗinkin koyo," in ji Tela da ya taɓa. "Ni ma rigata ta farko hannu ɗaya ya fi ɗaya."

Auta ta rage faɗin, Dogo ya ƙara wa kwaɓin kauri. Na gaba ya zauna daram. Suka tsayar da magana: layi mai siffar igiyar ruwa zai kai shi kicin, mai haƙori banɗaki, tattara ɗakin kwana, miƙaƙƙe kuma ƙofar fita.

Bangon bai ɗauki lokaci ba, rufi da tagogi da wayar wuta ne suka ja kwanaki. Da mai filasta ya iso da kayansa, Tela ya tare ƙofa da sandarsa.

"Wanda ya shafe mini bango, ya shafe mini hanya."

"Ƙura fa?" in ji Malama. "Wa zai riƙa goge waɗannan ramukan? Kai?"

"Ni mana. Ai kullum hannuna na kai."

"To hannunka zai kai sama?"

Aka yi ta ja, mai filasta na zaune a kan bokitinsa yana jiran hukunci. A ƙarshe Auta ta raba gardama: a shafe daga kafaɗa zuwa sama, a bar ƙasa yadda na'ura ta yi shi. Kowa ya ce shi ya ci.

Washegarin ranar da suka tare, Malama ta farka ta ga babu Tela a gefenta. Tana shirin tashi ta ji motsin cokali, sannan takun ƙafa a hankali. Sai ga shi ya shigo, hannun hagu a bango, na dama riƙe da kofi yana tururi. Ko ɗigo bai zubar ba.

"Ranki ya daɗe, ga shayi," ya ce.

Malama ta karɓa da hannu biyu, idanunta sun ciko. Ta kurɓa. Ta sake kurɓa don ta tabbatar.

"Baban Auta."

"Na'am."

"Gishiri ka zuba."

Tela ya dafe bango yana dariya har ya durƙusa. "To ai bango cewa ya yi zai kai ni kicin, bai ce zai nuna mini sukari ba!"

Ta miƙe tana share hawaye da bayan hannu, ta nufi ƙofa.

"Ina za ki?"

"In haɗa wani mana."

"Koma ki zauna," ya ce, ya karɓe kofin. "Ki dai gaya mini, gwangwanin dama ne ko na hagu?"

"Na hagu. Mai murfin roba."

Ya juya, ya laluba har yatsunsa suka sami igiyar ruwa, ya bi ta yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Malama ta jawo wayarta ta kira Auta, tun kafin a ɗauka ta fara dariya.