Mariƙin Hagu

Ranar da aka kwance hannayen juyawa na injin sassaƙa ƙarfe, Yaya bai iya kallo ba. Da waɗannan hannaye ya saba tura teburin injin gaba da baya, hagu da dama, kafin shanyewar jiki ta kashe masa hannun dama. Yanzu ƙanensa mai gyaran lantarki ne ke ɗaura wa injin moto, wato na'urar juyawa ta lantarki, a gurbinsu, don kwamfuta ta riƙa tuƙa shi.

Uwargida kuwa ta riga ta yanke magana. In har zai iya aiki da hannu ɗaya lafiya lau, gareji nasa ne. In ba haka ba, injin ya bar gidan.

"Moto iri biyu ne, Yaya," in ji ƙanen. "Wani in aiki ya fi ƙarfinsa sai ya tsaya ya yi ƙara. Wani kuwa sai ya zame ya ci gaba, bai gaya wa kowa ba."

"Sa mini mai shirun."

"Ai na sani. Halinku ɗaya."

Ƙanen ya ja masa kunne a kan abu guda: ita kwamfuta tafiyar bakin da ke yanka ƙarfen take lissafawa, ba ta teburi ba. In ta ce dama, hagu teburin zai nufa. Yaya ya gyaɗa kai kawai. Amma da ƙanen ya tafi, ya danna dama ya ga teburi ya yi hagu, sai ransa ya ɓaci. Shi da ya tsufa yana kallon teburi, yau za a ce masa dama ce hagu? Ya shiga saitin ya juya abin yadda idonsa ya saba.

Aikin farko mariƙi ne na ƙofar garejin, wanda ya zana daidai yatsun hagunsa. Ƙarfen ya fito sumul, har da sheƙi. Ya kama shi da hagu, gurbin babban yatsa ya koma wancan gefen. Komai ya fito a juye. Sai ga takun uwargida a bakin ƙofa.

"Malam, an gama?"

"An gama."

Ta karɓa ta jujjuya, ta dubi hagunsa, ta sake duban mariƙin. Ba ta san kan inji ba, amma ta san mijinta. Ya jira ta yi maganar fitar da injin, kunya da tsoro sun cika shi.

Sai ta ɗago hannunsa na dama daga kan cinyarsa, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta kwantar da su a kan ƙarfen. Kowanne ya zauna a gurbinsa cif.

"Da sanyi?" ta tambaya.

"Ban ji ba," in ji shi.